In Ji Wa? Burtalin Gonar Malam Sale

Shafi na 14

Masu yi mini ƙorafi wai na bar Nazira tsaye a kan tudu tana neman rezo, wato sabis ɗin waya, na ji ku. Ni ma rezon ne ya yi mini rowa. Ga ta nan inda muka bar ta, a bayan ƙauyensu da ke kusa da Gidan Sori, waya a kunne, malaminta yana magana daga Maradi.

Mushe Tijjani, yadda 'yan bokon Faransanci ke kiran malami, ba ya faɗa, kuma abin tsoron ke nan a wurinsa. Shi ne malamin jami'a da ke duba memwar ɗin Nazira, wato littafin binciken da za ta kare a gaban juri na malamai kafin a ba ta takardar gama karatu. A hankali ya gaya mata ya karanta aikin duka, kuma ya yi kyau. Duk inda ta ɗauko maganar wani ta sa sunansa da shekara da shafi cikin baka biyu, yadda tsarin APA ya tanada, ko waƙafi bai samu na gyarawa ba. Sai wuri ɗaya a babi na uku.

Da kansa ya karanto mata jimlar. Ta rubuta cewa a da burtalin shanu ya bi ta yammacin ƙauyen ya sauka har rijiya, daga baya aka nome shi, kuma daga nan ne rigimar manoma da makiyaya ta samo asali a bakin rijiyar.

"In ji wa?" Mushe Tijjani ya tambaya.

Nazira ta ce ai kowa ya sani.

"Kowa ba shi shiga cikin baka, Nazira. Kowa ba shi da suna, ba shi da shekaru, ba shi da gari."

Ya ce ya san babu takardar da ta faɗi haka, domin ita da kanta ta nuna cewa a taswirori burtalin yana zuwa ne ya tsaya cak, kamar shanun fukafukai suke yi su ƙarasa rijiya. To in daga bakin mutum ta ji, sashensu ya yarda da wannan, amma da sharaɗi. A kawo sunan mutumin da shekarunsa da garin da aka yi hirar da ranar, a ɗauki muryarsa, kuma da yardarsa. In babu, ta cire jimlar. Su biyun sun san in jimlar ta fita babi na uku ya bi ta, don a kanta aka gina shi. Ba zai sa hannu a littafin da ba shi da ciki ba, kuma ƙarshen makon nan ake rufe karɓa. Wanda ya makara sai baɗi.

Nazira ta riga ta yi baɗi ɗaya a wannan karatu, ba ta da zuciyar yin na biyu.

Ta san wanda ya gaya mata maganar. Inno ce, tsohuwar Bafulatanar da rugarsu ke sauka cikin gonar Malam Sale, mahaifin Nazira, duk rani bayan an kwashe hatsi. Shanu su ci kara su bar taki, a kawo nono gida a tafi da hatsi. A da haka kowa yake yi, amma yanzu mutane sun gane kara ma abin sayarwa ne, kafin ka ce kwabo an ɗaure shi an ɗora a kan itace. Malam Sale kaɗai ke barin nasa a ƙasa, shi ya sa ake yabon kirkinsa har a masallaci. Bara da Nazira take yawon tambayoyinta, Inno ta saki maganar burtalin a cikin hira, ita kuwa ta cafe ta zuba a littafi.

Daga tudun ta gangara rugar kai tsaye.

Ta tarar da Inno a inuwar gawo tana kaɗa nono. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi shanu da jikoki da mutanen gida, sai da Nazira ta sha kindirmo rabin ƙwarya sannan aka ba ta damar magana. Ta yi bayanin yadda littafin lakol, wato makarantar boko, yake: duk maganar da ka rubuta sai ka sa sunan mai ita a gefenta, don wanda ya yi shakka ya bi sawu ya tambaya, kuma don kada ka ci haƙƙin mai maganar.

Abin ya burge Inno. Ta ce ashe 'yan lakol ma suna da hankali, magana ma a yi mata shaida kamar kunnen saniya.

"To Inno, shaidarki nika so in sa."

"A kan mi?"

"A kan maganar burtali da kinka hwaɗa mini bara."

Maburgin ya tsaya. Inno ta dubi ƙwarya, ta dubi shanu can nesa, ta ce bakinta ne ya yi zuba ranar, tsufa ba ya zuwa shi kaɗai.

Nazira ta yi saurin cewa akwai hanya. An yarda a ɓoye sunan mutum in bayyana shi zai cutar da shi. Sai ta rubuta wata dattijuwa makiyayiya, malaminta kaɗai zai san ko wace ce.

Inno ta yi dariya har tana share ido da gefen zane. Ta ce Nazira ta tashi tsaye ta duba gabas da yamma, ta ƙirgo mata tsofaffin Fulanin da ke wannan karkara. In ta samo ta biyu, to a rubuta.

"Kuma ɓingel am, ɗiyata, ni ban ga burtalin ba."

Nazira ta ajiye ƙwaryar.

"Ba ki gani ba?"

"Daga Sae Sabuwa anka kawo ni aure. Ran da na zo, hatsi na iske a wurin, ya kai ƙugu."

Nazira ta tambaya ko marigayi Jaye ne ya ba ta labari, wato mijin Inno. Inno ba ta kama sunan ba, ba ta taɓa kamawa ba ko yana raye, ta dai girgiza kai ta ce mai rugar bai taɓa ɗaga wannan zance ba har ya koma ga Allah.

"To wa ya hwaɗa miki?"

Inno ta ba da labarin da murya ƙasa-ƙasa. Shekarar da Jaye ya rasu, 'ya'yanta sun yanke shawarar su kaɗa shanu su yi arewa, don babu sauran mai barin kara. Wani mutum ya zo gaisuwar mutuwa, da zai tafi ya tsaya a gindin wannan gawon ya ce kada su tashi. Ya ce daga gawon nan zuwa rijiya hanyar shanunsu ce, yana yaro aka sare aguwar da ta yi mata shinge aka shuka hatsi. Ba zai iya maido ta ba, don gonar gado ce ba tasa shi kaɗai ba. Amma muddin yana numfashi, duk rani su sauka, karansa nasu ne.

"Babanki ne," in ji Inno.

Nazira ta ji kunya ta rufe ta, ta ji tausayi, ta kuma ji wani abu kamar haushi da ba ta san wa za ta ba shi ba. Shekara biyu tana yawo a kan kabu-kabu daga Tibiri zuwa Agiye tana neman wanda ya san inda burtalin ya bi. Ashe ta cikin gonarsu ya bi, kuma wanda ya sani yana cin tuwo a gidan da take kwana.

Inno ta ƙara da cewa gefen yamman nan yanzu Jibo ke noma shi, ƙanen Malam Sale, wanda tun ba yau ba yake cewa a kori rugar a sayar da kara kamar kowa. In ya ji cewa ita ce ta kai maganar cikin littafi, ko Malam Sale ba zai iya tare shi ba.

"In kinka sa sunana, bana ce ranin ƙarshe. Ban hana ki ba, karatunki ne. Na dai hwaɗa miki abin da za shi biyo baya."

Ta ci gaba da kaɗa nononta.

A hanyar gida Nazira ta sake hawa tudun ta kira Mushe Tijjani. Ba ta ambaci sunan kowa ba. Ta ce matar da ta gaya mata ashe ba ganau ba ce, jiyau ce, daga bakin wani ta ji. Ta tambaya ko za ta iya yin yadda ake yi da littattafai, a ce wane ya faɗa, in ji wance, ta ɓoye su duka biyun.

Ya ce ana yin haka, amma sai in asalin ya gagara samuwa, littafi ya ɓace ko mai maganar ya kau. Magana mai nauyin wannan kuwa, da za ta taɓa gonar mutane, ba a ɗora ta a kan ji-ta-ji-ta.

"Mutumin ya rasu?"

"A'a, Mushe."

"Ya yi nisa?"

Daga kan tudun tana hango rumbunan gidansu.

"Yana nan."

"To ki tahi ki tambaye shi. Mi ya fi wannan sauƙi?"

Allah sarki Mushe Tijjani, ya karanta littattafai har gashin kansa ya zube, amma bai san abin da ya aike ta ba. Nazira 'yar fari ce. Tunda aka haife ta Malam Sale bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa zama ya yi hira da ita ba, in ta gaishe shi bango yake amsa wa. Ba ƙi ba ne, kunya ce irin ta mutanen da, kuma shi ya riƙe ta da hannu biyu. Ana yaye ta aka miƙa ta ga yayarsa, Gwaggo Balki, ita ta raine ta a sashenta cikin gidan. Duk abin da ke tsakanin uba da 'ya ta bakin Gwaggo yake bi, daga kuɗin lakol har zuwa sannu da jiki.

Saboda haka wurin Gwaggo ta nufa. Gwaggo Balki ta saurara tana tsince wake, ba ta nuna mamaki ba ko kaɗan, abin da ya sa Nazira ta gane ita ma ta sani. Ta ce a bar kaza cikin gashinta, ruwan da ya kwanta ba a sa masa sanda. Nazira ta ce to shi ke nan, za ta cire jimlar ta jira baɗi. Gwaggo ta dube ta, ta ga idon ya kawo ruwa, ta yi tsaki ta ture faifan.

"Tashi mu tahi. Ni ban raini ɗiya don ta tsufa a lakol ba."

Bayan la'asar ne, Malam Sale yana zaune a tsakar gida yana tufka igiya. Gwaggo ta zauna kusa da shi a kan tabarma. Nazira ta durƙusa can gefen turmi, ta ba shi rabin baya. Tsakaninsu bai fi a miƙa hannu a karɓi ludayi ba, amma sai an bi ta Gwaggo.

Gwaggo ta zayyana masa komai, ta ƙara gishiri inda take ganin ya yi lami. Shi dai tufkarsa yake yi.

"Yaya Balki, tambayi ɗiyarki wa ya hwaɗa mata."

"Ke, wai wa ya hwaɗa miki?"

Nazira ta sunkuyar da kai ba ta ce komai ba. Gwaggo ta maimaita, ta sake yin shiru. Malam Sale ya gyaɗa kai kamar wanda aka ba amsar da yake so, ya ce a bar ta, ta yi daidai, shi ya san bakin da ya gaya wa.

Daga nan ya shiga tambaya, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Me ake rubutawa a cikin bakan nan? Nazira ta amsa wa turmi, Gwaggo ta kwashe ta miƙa: suna, da cewa hira ce, da ranar da aka yi ta, sannan a ƙarshen littafi a sake kawo sunan da shekaru da gari. Wa zai karanta? Malamai uku na juri, daga nan a ajiye a ɗakin karatu, duk mai so ya ɗauka. Har masu kula da filaye na komin, wato ƙaramar hukuma? Nazira ta ce ba za ta yi masa ƙarya ba, yana iya kaiwa can. In ya kai, ana iya cewa a buɗe burtalin? Ana iya cewa.

A nan Gwaggo ta gaji da aikin tafinta, ta ce su biyun ba kurame ba ne, kowa ya ji da kunnensa, ita bakinta ya bushe. Duk da haka da ya tashi yin tambaya ta gaba, ita ya duba.

"In anka sa nawa, na matar can ya hita?"

"Ya hita duka," Nazira ta ce. "In an samu mai maganar na asali, ba a bukatar wanda ya ji daga bakinshi."

Ya ajiye igiyar a kan gwiwarsa.

Nazira ta ga furfurar da ke ƙeyarsa, tsoro ya kama ta, ba don kanta ba. Ta yi saurin gaya wa turmin cewa shi ma ana iya ɓoye sunansa. Sai a rubuta wani dattijo manomi, dattawa kuwa suna da yawa a garin, ba mai ganewa. Gwaggo ta ce yauwa, wannan ita ce magana, a yi haka kowa ya huta.

Malam Sale ya girgiza kai. Ya ce shi bai yi lakol ba, amma ya san garinsu. Ran da maganar ta fito ba suna, ba wanda zai tsaya neman dattijo manomi. Cewa za a yi yarinyar ta ɓoye Fulani ne ta sa musu rigar manoma, tunda kowa ya ga zaman da take yi a rugar. Zato ba ya sauka a kan mai ƙarfi.

"Gaya mata ta rubuta shi cikakke, da na ubana. Wanda ya ji zahi shi san ƙohwar da za shi buga."

"Sale," Gwaggo ta ce, "Jibo fa."

"Na sani."

"Gonar nan ita ka ciyar da gidanshi."

"Na sani, Yaya. Ban ce a amshe mishi ba. An tambaye ni abin da na gani, shi za ni hwaɗi."

Nazira ta so ta ce a bari, ta fasa, baɗin ma ba mutuwa ba ce. Kalmar ta zo har bakinta. Amma ba a yi wa uba musu ta bakin turmi, kuma gaskiya, a can ƙasan ranta tana son littafinta. Wannan son ya ba ta kunya ƙwarai.

Ta fito da wayar, ta danna wurin ɗaukar murya, ta rarrafa ta ajiye ta a bakin tabarma, ta koma wurinta. Ka'ida ta ce mai bincike ya fara da tambayar suna. To ina bakin da za ta tambayi mahaifinta sunansa? Ta dubi Gwaggo da idon roƙo.

Gwaggo ta gyara zama, ta maƙe murya irin ta ma'aikatan buro, wato ofis.

"Malam, mi sunanka?"

Sai da ya murmusa.

"Sale, ɗan Abdurrahaman. Nan anka haihe ni, nan nika noma. Shekaruna sun ba sittin baya."

"Ka yarda a sa sunanka cikin littahi?"

"Na yarda."

Ya fara ba da labarin a natse, idonsa a kan igiya. Ya faɗi inda aguwar ta tsaya layi biyu, da faɗin hanyar, wadda garke ke wucewa ba ya taɓa ganyen kowa. Ya faɗi shekarar da hatsi ya ƙi, gidan ya cika da baki, mahaifinsu ya ce a shiga burtalin da gatari. Murya tana shiga waya, Nazira tana jin babi na uku yana tsayawa da ƙafafunsa.

Ba su ji tsayuwar amalanke a waje ba. Sallamar kawai suka ji, kuma mai ita ya riga ya shigo tsakar gida, da igiyar jaki a hannu.

Baba Jibo ne.

Ya dubi yayansa, ya dubi Gwaggo, ya dubi Nazira a gefen turmi. Sannan idonsa ya sauka a kan wayar da ke bakin tabarma.

"Wane burtali nika ji, Yaya?"

Gwaggo ta buɗe baki za ta ce hira ce kawai ta tsofaffi. Malam Sale ya riga ta.

"Zamna, Jibo. Kai ma kana wurin ranar, kai ka riƙe ƙwaryar iri. In na yi kuskure ka gyara mini."

Baba Jibo bai zauna ba. Bai ɗaga murya ba kuma. Ya saki igiyar jakin ta faɗi ƙasa, ya tako a hankali har gaban tabarma. Nazira ba ta san lokacin da ta kai hannu ta ɗauke wayar ta riƙe a ƙirjinta ba, tana nan tana ɗaukar murya.

Ya miƙo mata tafin hannunsa.

"Nazira, ni ma ubanki ne. Ba ni wayar nan."